Sakamakon Makarantar Firamare a Jarrabawar Jihar New York: Tambayoyin Iyaye da Amsoshinsu

Duk shekara, idan Ma'aikatar Ilimi ta Jihar New York ta fitar da sakamakon jarrabawar da 'yan firamare suka rubuta a bazara, sai alƙaluma su fara yawo a tsakanin iyayenmu mazauna Bronx da Harlem da Brooklyn. Wani ya turo cewa makarantar unguwarsu ta samu kashi talatin, wata ta ce ta ƙanwarta ta samu kashi saba'in, kafin a ankara wasu sun fara neman hanyar sauya wa 'ya'yansu makaranta. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi yawa a bakin iyaye, musamman waɗanda suka yi nasu karatun a Najeriya ko Nijar ko Ghana.

Wace jarrabawa ce wannan, kuma su wa ke rubuta ta?

Jarrabawa ce ta bai-ɗaya da gwamnatin jiha ke shiryawa domin duk ɗaliban makarantun gwamnati daga aji uku zuwa aji takwas, a darussa biyu: Turanci, wato karatu da rubutu, da kuma lissafi. Akwai ta kimiyya, wadda tun daga 2024 'yan aji biyar ke rubutawa a matakin firamare, alhali a da 'yan aji huɗu ne. Ana yin ta a watannin Afrilu da Mayu, kowane darasi daga cikin manyan biyun a zama biyu, kuma tun 2016 aka cire ƙayyade lokaci, yaro zai iya ci gaba da aiki muddin yana yi da gaske a cikin lokacin makaranta. Jihar ta yi ta mayar da jarrabawar kan kwamfuta aji bayan aji, inda ta fara tilasta hakan ga aji biyar da aji takwas a 2024.

Asalin tilascin daga gwamnatin tarayya yake. Dokar da Shugaba George W. Bush ya sanya wa hannu a watan Janairun 2002, wadda aka fi sani da NCLB, ita ta wajabta wa kowace jiha ta gwada yara kowace shekara daga aji uku zuwa takwas. A Disambar 2015 Shugaba Barack Obama ya maye gurbinta da dokar ESSA, wadda ta bar gwajin na shekara-shekara yadda yake, amma ta sakar wa jihohi mara wajen yanke abin da za a yi da sakamakon.

Akwai abin lura a nan da iyaye da yawa ba su sani ba. Mafi yawan makarantun firamare na birnin New York suna tsayawa ne a aji biyar, saboda haka adadin da ake kira sakamakon makaranta na 'yan aji uku da huɗu da biyar ne kaɗai. Idan ɗanku yana ajin share fage ko aji ɗaya ko aji biyu, wannan adadi bai faɗi komai kai tsaye game da malamar da ke koyar da shi ba.

Shin irin jarrabawar shiga sakandare ce da muka sani a gida? Yaro zai maimaita aji idan bai yi ƙoƙari ba?

A'a. Wanda ya tashi a Najeriya ya saba da jarrabawar shiga makarantun sakandaren tarayya da hukumar NECO ke shiryawa, wanda ya tashi a Ghana kuma ya san BECE, inda makin yaro ke buɗe masa ƙofa ko ya rufe. Wannan kuwa an yi ta ne musamman domin auna makaranta da gundumar ilimi da jihar baki ɗaya. Tun 2014 dokar jihar New York ta hana a dogara ga makin wannan jarrabawa kaɗai, ko a mayar da shi babban dalili, wajen yanke ko yaro zai wuce aji na gaba. A wasu jihohin abin ya sha bamban. Florida tun farkon shekarun 2000, da Mississippi bisa dokar da ta kafa a 2013, suna iya tsayar da ɗan aji uku idan karatunsa bai kai mizani ba, don haka duk wanda ke shirin ƙaura zuwa wata jiha ya binciki dokarta.

Duk da haka makin yana da amfani ga yaron kansa, domin da shi makaranta ke fara tantance waɗanda suka cancanci ƙarin tallafin karatu. A shekarun baya wasu makarantun matsakaita na birnin suna duba makin aji huɗu wajen ɗaukar ɗalibai, amma ƙa'idojin sun yi ta sauyawa tun 2020, saboda haka ya kamata a tambayi makaranta abin da ake bi a shekarar da ake ciki.

Mene ne ma'anar mataki na 1 zuwa na 4 da ke jikin takardar sakamako?

Ana juya makin kowane yaro zuwa ɗaya daga cikin matakai huɗu. Mataki na 4 na wanda ya zarce abin da ake nema a ajinsa ne, mataki na 3 na wanda ya kai, mataki na 2 na wanda ya kama wani ɓangare bai kammala ba, mataki na 1 kuma na wanda ke baya sosai. Idan aka ce makaranta ta samu kashi arba'in, ana nufin yara arba'in cikin kowane ɗari da suka rubuta sun faɗa mataki na 3 ko na 4.

Ku duba ainihin makin da ke kusa da matakin, kada ku tsaya ga matakin kawai. Yaron da tambaya ɗaya ko biyu ta hana shi shiga mataki na 3 da wanda ya tsallake mataki na 1 da kyar duk ana rubuta musu mataki na 2, alhali bukatarsu ba ɗaya ba ce.

An ce kashi talatin ne kawai suka kai mizani a makarantar 'ya'yana. Makarantar ba ta da kyau ke nan?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma amsarta tana bukatar haƙuri. Adadin waɗanda suka kai mizani yana nuna inda yara suke a ranar jarrabawa, amma ba ya nuna daga inda suka taso, kuma ba ya rabe abin da makaranta ta koyar daga abin da yaro ya zo da shi daga gida. An daɗe da sanin cewa a duk faɗin Amurka makin irin wannan jarrabawa yana bin ƙarfin arzikin iyaye sau da ƙafa. Makarantar da yawancin ɗalibanta suka taso a gidajen da ake karanta musu littafin Turanci tun suna goye za ta samu adadi mai yawa ko da koyarwarta matsakaiciya ce. Makarantar da ke karɓar yaran da suka iso ƙasar a tsakiyar zango, da waɗanda ke kwana a gidajen marasa matsuguni na birni, da waɗanda uwa ke aikin kula da tsofaffi da dare uba kuma yana tuƙin tasi, za ta iya samun adadi kaɗan ko da malamanta suna aikin da ya cancanci yabo.

Abin da ya fi kusa da auna aikin makaranta shi ne ci gaban ɗalibi, wato a ɗauki yaro guda a kwatanta makinsa na bana da na bara, sannan a gwada shi da sauran yaran jihar da suka samu irin makinsa a bara. A ɗauka akwai makarantu biyu. A ta farko kashi saba'in sun kai mizani, amma yaran da suka shiga aji huɗu a mataki na 4 suna fita a mataki na 3. A ta biyu kashi talatin ne, amma yaran da suka shiga a mataki na 1 suna fita a mataki na 2 mai ƙarfi. Ta biyun ce ke ɗaga yara sama, ko da yake ta farkon ce za ta fi kyan gani a jadawali. Ma'aikatar ilimi ta jiha tana wallafa bayanan kowace makaranta a shafinta na intanet, hukumar makarantun birnin kuma tana fitar da taƙaitaccen rahoton ingancin kowace makaranta, wanda ya haɗa da abin da iyaye da malamai suka faɗa a binciken jin ra'ayi na shekara-shekara.

Akwai kuma rabe-raben da doka ta wajabta a nuna: masu koyon Turanci, masu bukata ta musamman, 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, da kuma rabon launin fata. Ga mafi yawanmu, layin da ya fi muhimmanci shi ne na masu koyon Turanci da na 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, domin a nan ne za a ga yadda makarantar ke yi da yara irin namu. Akwai makarantar da jimillarta ke da kyau, amma idan aka sauko kan waɗannan layuka sai a tarar an bar yaran a baya.

Wannan bayani bai kamata ya zama uzuri ga kowa ba. Idan yara bakwai cikin goma na aji uku ba sa iya karanta labari mai shafi biyu su fitar da hujja daga cikinsa, to akwai matsala ta gaske, ko daga ina ta samo asali, kuma yaran ne za su ɗauki nauyinta zuwa aji shida da abin da ya biyo baya. A ganina, uba ko uwar da ta ga kashi talatin tana da haƙƙin ta damu, kuma tana da haƙƙin ta je ta nemi bayani. Abin da ba na goyon baya shi ne a cire yaro daga wurin malamar da ta san shi, a kai shi makarantar da ke da nisan jirgin ƙasa biyu, saboda adadi guda da aka gani a waya.

Me ya sa sakamakon makaranta ɗaya ke hawa da sauka daga shekara zuwa shekara?

Dalili na farko ƙarancin yara ne. Idan aji uku na makaranta yana da yara arba'in, kowane yaro ɗaya kashi biyu da rabi ne. Yara huɗu su tsallaka daga mataki na 2 zuwa na 3, sai a ce makaranta ta ƙaru da kashi goma, a shekara mai zuwa kuma wasu yara daban ne za su zauna a ajin. Shi ya sa ya fi kyau a duba shekara uku a jere kafin a ce makaranta ta gyaru ko ta lalace.

Dalili na biyu shi ne jarrabawar kanta tana sauyawa. A 2013, lokacin da jihar ta koma sabon mizani mai tsauri na Common Core, waɗanda suka kai mizani a Turanci sun faɗo daga kusan kashi 55 zuwa kusan kashi 31, a lissafi kuma daga kusan kashi 65 zuwa kusan kashi 31, cikin shekara guda. Yaran ba su manta karatu ba, an ɗaga sandar tsallake ne. A 2018 an rage kwanakin jarrabawa daga uku zuwa biyu. A 2020 ba a yi ta ba sam saboda annobar korona, a 2021 kuma ƙasa da rabin ɗaliban jihar ne suka rubuta. A 2023 aka sake gina ta a kan sabon mizani, kuma ma'aikatar da kanta ta yi gargaɗin kada a kwatanta sakamakon wannan shekara da na shekarun da suka gabace ta. Duk wanda ya kawo muku jadawalin shekara goma a jere yana cewa ga yadda makaranta ta faɗi, ku tambaye shi ko ya yi la'akari da waɗannan shekaru.

Saboda kowace jiha ita ke tsara tata jarrabawa da nata mizani, ba a kwatanta kashi hamsin na New York da kashi hamsin na Texas ko Ohio. Ma'aunin da ke haɗa jihohi shi ne jarrabawar ƙasa ta NAEP, wadda ake yi wa zaɓaɓɓun 'yan aji huɗu da takwas, kuma ba ta fitar da sakamakon makaranta ɗaya-ɗaya.

Ɗana bai daɗe da zuwa Amurka ba, Turancinsa bai nuna ba. Shi ma zai rubuta?

Yaron da aka tantance a matsayin mai koyon Turanci, wanda bai cika shekara ɗaya a makarantun Amurka ba, ana iya ɗauke masa jarrabawar Turanci sau ɗaya, a yi amfani da gwajin ƙwarewar harshe da ake yi wa masu koyo duk shekara a madadinta. Lissafi kuwa zai rubuta tun shekarar farko. Jihar tana fassara takardar lissafi zuwa wasu harsuna, irin su Sifaniyanci da Larabci da Sinanci da Rashanci da Bengali, amma Hausa ba ta ciki. Ga harsunan da ba a fassara ba, ƙa'ida ta yarda a samo tafinta ya fassara wa yaro tambayoyin da baki, kuma an yarda da ƙamus mai ba da kalma da kalma ba tare da bayani ba. Wannan ba ya samuwa idan ba a nema da wuri ba, domin samun mai jin Hausa ko Zabarmanci a ranar jarrabawa ba abu ne da makaranta za ta yi cikin kwana biyu ba. Ku yi maganar tun watan Janairu ko Fabrairu.

Tambayoyin lissafin da yawansu labari ne. Za a ce wata yarinya ta raba takarda gida shida daidai, ta shafa wa biyu launi, a nuna wannan a kan layin lamba, sannan a bayyana yadda aka samu amsa. Yaron da ya iya lissafin sarai a ka zai iya rasa makin saboda bai gane kalma ɗaya ba, ko saboda bai saba da a ce ya rubuta dalilinsa ba. A ɓangaren Turanci kuma akan ba shi labari ya karanta, a ce ya amsa tambaya ya kawo hujja biyu daga cikin labarin. Jihar tana sakin mafi yawan tambayoyin kowace shekara bayan an gama, kyauta a intanet, kuma zama da yaro a kan uku ko huɗu daga cikinsu zai nuna muku inda yake tuntuɓe fiye da yadda takardar sakamako za ta nuna.

Yaron da ke da bukata ta musamman, wanda aka rubuta masa tsarin karatu na kansa, yana samun sauƙin da aka rubuta a cikin tsarin, kamar ɗaki daban ko hutu a tsakani.

Me ke faruwa da makarantar da ta kasance a ƙasa sosai?

Dokar ESSA ta wajabta wa jiha ta ware aƙalla kashi biyar mafi rauni daga cikin makarantun da ke karɓar tallafin tarayya na yaran talakawa, tallafin da ya samo asali daga dokar ilimi ta 1965 ta zamanin Shugaba Lyndon Johnson. Makarantar da aka ware sai an binciki bukatunta, ta rubuta tsarin gyara tare da sa hannun iyaye, a ba ta ƙarin kuɗi, jiha kuma ta riƙa bibiya. Ana iya ware makaranta kuma saboda rukuni ɗaya na ɗalibanta ya daɗe a baya. Idan shekaru suka wuce babu sauyi, dokar jihar ta 2015 ta ba da damar a danƙa makarantar ga mai riƙo da ke da ikon sauya tsarinta. Dole ne a sanar da iyaye, kuma wasiƙar tana zuwa gida, sai dai sau da yawa tana ɓacewa a cikin jakar yaro.

Makaranta za ta iya yin maguɗi don sakamakonta ya yi kyau?

An taɓa yi. A birnin Atlanta na jihar Jojiya, binciken da gwamnatin jihar ta fitar a 2011 ya gano malamai da shugabannin makarantu 178 a makarantu 44 da hannu wajen gyara amsoshin yara a jarrabawar 2009. Abin da ya tona asirin shi ne yawan gogewa daga amsar kuskure zuwa ta daidai a jikin takardu. A 2015 kotu ta samu mutum goma sha ɗaya da laifi. Waɗanda suka fi cutuwa su ne yaran, domin an rubuta cewa sun ƙware, sai aka hana su tallafin da suke bukata.

Abin da ya fi yawa, wanda kuma ba laifi ba ne a doka, shi ne a taƙaita karatu a kan jarrabawa. Daga Fabrairu sai a rage tarihi da zane da kimiyya, a cika yini da takardun gwaji. Idan ɗanku ya yi makonni yana dawowa da irin waɗannan takardu kaɗai, babu littafin da yake karantawa daga farko zuwa ƙarshe, ku tambayi dalili.

Zan iya hana ɗana rubutawa?

Iyaye da yawa suna yi, ta hanyar rubuta wa shugaban makaranta wasiƙa. A 2015 kusan kashi ashirin na ɗaliban jihar ba su rubuta ba, mafi yawa a Long Island da garuruwan wajen birni, saboda adawa da sabon mizani da kuma ɗaura makin yara a kan auna aikin malamai, tilascin da jihar ta janye a 2019. Ba a hukunta yaro saboda wannan. Sai dai dokar tarayya tana son kashi 95 na ɗaliban kowace makaranta su rubuta, kuma ƙarancin masu rubutawa yana iya shafar lissafin matsayin makarantar. Shawarata ga iyayen da ba su da wata hanyar auna karatun 'ya'yansu ita ce su bar su su rubuta, domin wannan ma'auni ne da ba malamin ajin ne ya tsara shi ba.

Makarantun shata da makarantun Islamiyya masu zaman kansu fa?

Makarantun shata, wato waɗanda ake kira charter, da ke samun kuɗin gwamnati amma ƙungiyoyi masu zaman kansu ke gudanar da su, na gwamnati ne a doka, suna rubuta jarrabawar, kuma sakamakonsu yana fita tare da na kowa. Wajen kwatanta su da makarantar unguwa, a duba yawan masu koyon Turanci da masu bukata ta musamman a kowace, da kuma yawan yaran da ke barin makarantar kafin aji biyar. Makarantu masu zaman kansu, har da na Islamiyya, ba dole ba ne su shiga, ko da yake wasu suna shiga da son ransu.

Tafiya gida a tsakiyar zango tana shafar sakamako?

Tana shafa ƙwarai. Shekarar karatu kwana 180 ce, kuma duk yaron da ya rasa kashi goma, wato kwana goma sha takwas, ana lissafa shi cikin masu yawan fashi, ko da izini ya tafi. Tafiyar mako shida zuwa Kano ko Yamai ko Kumasi a watan Janairu, saboda tikiti ya fi araha ko saboda biki, tana cinye kwana talatin na karatu daidai lokacin da 'yan aji uku ke shiga darasin gutsuren lamba, irin su rabi da kwata, wanda ake gina na aji huɗu da biyar a kansa. Zumunci wajibi ne, kuma rasuwa ba ta jiran hutu, amma abin da za a iya tsarawa gara a kai shi Yuli da Agusta. Idan yaro bai samu zuwa ranar jarrabawa ba saboda rashin lafiya ko wani uzuri, akwai ranakun ramuwa a cikin makonnin da aka ware.

Idan na je makaranta, wa zan gani, kuma me zan tambaya?

Ku fara da malamin ajin, sannan jami'in hulɗa da iyaye, wanda makarantun gwamnati na birnin suke da shi domin wannan aiki. Kuna da haƙƙin a samo muku tafinta kyauta, ko ta waya ne, kuma 'yan'uwanmu na Nijar za su iya neman takardu da Faransanci, domin yana cikin harsunan da hukumar makarantun birnin ke fassara takardunta zuwa gare su. Kada ku mayar da yaron tafinta a maganar da ta shafe shi. Ku tafi da takardar sakamakon, ku tambayi wane ɓangare ne ya fi ba shi wahala, ko fahimtar abin da ya karanta ne ko rubuta amsa, a wane matakin karatu yake yanzu bisa gwajin da makaranta ke yi a cikin shekara, sau nawa a mako yake samun ƙarin taimako a ƙaramin rukuni, kuma wa ke ba shi. Game da makarantar baki ɗaya, ku tambayi shugabanta yadda ci gaban masu koyon Turanci ya kasance a shekara uku da suka wuce, da kuma malamai nawa ne na aji uku zuwa biyar suka bar aiki a cikin wannan lokaci. Kafin ku tashi, ku nemi a sa ranar da za ku dawo a sake duba inda yaron ya kai, kuma a rubuta ranar a takarda.